Ƙwallon da Ya Daina Kuka

Akwai wata mace a ƙasar Japan mai sana'ar ƙwallon zare, wanda suke kira temari. Ana dunƙule ƙaiƙayin shinkafa a tsumma, a naɗe shi da zare har ya mulmulu sumul, sa'an nan a ɗinka masa ado da allura. Wasu sukan sa 'yar ƙararrawa cikin ɗan ƙoƙo a tsakiyarsa, don ta sami wurin motsi.

Matar nan tana da 'ya ɗaya, makauniya ce tun haihuwa. Sai ta yi mata ƙwallo mai ƙararrawa, da farin zare kawai, ba ado. Yarinyar takan gara shi a tsakar gida, ta kasa kunne, ta bi kukansa da rarrafe har ta kama, tana dariya. Duk duniya ba ta da wani wasa sai wannan.

Ran nan maƙwabta suka shigo, suka ga ƙwallon. Ɗaya ta ce, "Ashe ke da kike ƙawata na 'ya'yan mutane, naki ɗin ne fari fat haka?"

Maganar ta soki matar. Ta karɓi ƙwallon daga hannun 'yarta, ta naɗa masa jan alharini, ta ɗinka furanni. Maƙwabta suka yaba. To, kun san yabo, wanda ya ɗanɗana ba ya ƙoshi. Ta ƙara shuɗi a kan ja, ta ƙara zaren zinariya a kan shuɗi, tana ja tana matsewa don ɗinkin ya kwanta.

Yarinyar ta girgiza shi a kunnenta, ta ce, "Mama, muryarsa ta yi nisa."

Uwar ta ce, "Da kin ga kyansa, da ba ki faɗi haka ba."

Ku ji fa abin da uwa ta faɗa wa makauniya. Ni duk lokacin da na zo nan, sai zuciyata ta yi nauyi.

Da aka gama adon, ta miƙa mata. Yarinyar ta gara shi kamar kullum, ta kasa kunne. Shiru. Ta lallaba dama, ta lallaba hagu, ta buge goshinta a bango. Ƙwallon kuwa yana nan kusa da ƙafarta, ba ta sani ba. Sai ta zauna, hannuwanta a buɗe, hawaye na zuba, ba ta kira kowa ba.

A nan ne idon uwar ya buɗe. Ta ɗauki almakashi ta tsarge adon duka, ta tarar matsin zaren ya murƙushe ƙoƙon, ya danne ƙararrawar. Ta yi sabon ƙwallo, fari, mai kuka garau, ta sa a hannun 'yarta, ta ce, "Gara shi, 'yata, zai amsa miki."

Yarinyar ta rungume shi a ƙirji, ta ce, "A'a, Mama. In na sake shi, zai yi shiru."

Ba ta ƙara gara ƙwallo ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: ƙararrawar ita ce ƙaunar da Allah ya sa a zuciyarmu domin waɗanda ya ba mu amana. Zaren adon kuwa shi ne duk abin da muke yi domin idon mutane. Ba zunubi ba ne ka yi waƙa a ƙungiyar mawaƙa, ko ki shugabanci zumuntar mata, ko a kira sunanka ranar godiya. Amma akwai yaro a gida wanda bai san komai game da wannan ba. Abin da yake saurara kawai shi ne ko za ka amsa in ya kira.

Ubangiji yakan gafarta wa mai tuba nan take, wannan ba shakka. Amma zuciyar da ta kira ta ji shiru takan daɗe kafin ta sake yarda. Wasunmu a nan mun tsufa, har yau muna tsoron kiran iyayenmu.

Saboda haka in mun tashi daga sujada yau, kada ka tambayi maƙwabta yadda gidanka yake. Ka je ka zauna kusa da ɗanka, ka tambaye shi ko har yanzu yana jin ka.