Onarabul Na Layi Na Biyu

Kai, bari ku ji abin da Lado mai faci ya yi! An ce za a kori masu faci daga bakin titi, sai ya sa aka rubuta ƙudirin hana korar. To talaka ba ya gabatar da ƙudiri da kansa, dole ya nemi ɗan majalisar jiha.

Onarabul Gwadabe ya ce, "Lado, ni ba na zama mai gabatarwa, kar Gwamna ya sa min ido. Mara baya kawai nake yi. Duk majalisar haka muke."

"To ranka ya daɗe, wa zai fara?"

"Oho! Ni dai na biyu ne."

"Shi ke nan, sa min hannu a layi na biyu."

Ya sa yana dariya. Lado ya bi sauran 'yan majalisar, kowa ya ga an riga shi, sai ya sa a ƙasa, layi na farko kuwa ba kowa.

Ranar zama Kakaki ya ce, "Mai gabatarwa, Onarabul Gwadabe."

Gwadabe ya zabura, "Ni na biyu ne fa!"

Daga wurin 'yan kallo Lado ya ce, "Bayan wa, ranka ya daɗe?"

Wallahi haka ya miƙe ya karanta, gumi na zuba.