Manomin da Ya Leƙa Tagar Makaranta

Akwai wani mutum manomi a wani ƙauye da ke gindin dutse. Matarsa ta rasu da wuri, ta bar masa 'ya mace guda ɗaya. Shi ya goye ta, shi ya koyi tuƙa tuwo saboda ita. Yana kiranta Uwata, gama sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

Da yarinyar ta kai shekara bakwai, sai gwamnati ta gina makaranta a bakin ƙauyen, aji uku da rufin kwano. Ranar buɗewa aka yi ta kiɗa, mutanen gari suna cewa, "Mun huta, gwamnati ta ɗauke mana nauyin yara." Manomin ma ya yi murna. Ya sayar da zakaru biyu ya ɗinka mata kayan makaranta. Kowace safiya ita ta yi gabas da jakarta, shi ya yi yamma da fartanyarsa. Da yake bai iya karatu ba, bai taɓa buɗe littafinta ba. Yakan ce a ransa, "Masu ilimi sun san aikinsu." Haka aka yi shekara biyu.

Wata rana da damina, ƙotar fartanyarsa ta karye tun da hantsi. A hanyarsa ta komawa gida ya bi ta bayan makaranta, sai ya ji hayaniya kamar ta kasuwa. Ya leƙa ta taga. Babu malami. Manyan yara suna kokawa a kan benci, waɗansu sun tafi kamun fara. 'Yarsa kuwa tana zaune a lungu ita kaɗai, tana kwafar wani rubutu da ya kusa gogewa a allo.

Ya kira ta ya ce, "Uwata, ina malaminku?"

Ta ce, "Baba, tun kafin shuka bai zo ba."

"To, me kike rubutawa?"

"Abin da ya bari. Kullum ina rubuta shi, amma ban san abin da yake cewa ba."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba ka taɓa tambayata ba, Baba."

Maganar nan ta soki zuciyarsa. Ran Lahadi bayan sujada ya tsayar da iyaye a ƙofar majami'a, ya faɗa musu abin da idonsa ya gani, ya roƙe su a tafi tare a kai kuka. Suka ce, "Makarantar gwamnati ce. Wanda ya gina ta shi zai san yadda zai yi da ita." Kowa ya kama hanyar gidansa.

Sai ya tafi shi kaɗai zuwa ofishin ilimi a cikin gari, tafiyar yini guda a ƙafa. Kwana biyu yana zaune a kan benci kafin a kira shi. Ma'aikacin da ya saurare shi ba mugu ba ne, gajiyayye ne kawai. Ya ce, "Baba, ba ƙinku muka yi ba. Malamai sun yi kaɗan, ƙauyenku kuma ba hanya. Zan rubuta, amma ban san ranar da za a aiko muku ba."

Manomin ya ce, "Ranka ya daɗe, yarinyata fa? Ba za ta daina girma ba kafin ranar ta zo."

Ma'aikacin ya ce, "Mu namu shi ne ta yi karatu. Ba mu ce dole sai a can ba. 'Yarka ce, kai za ka zaɓa."

To, a garin nan akwai wata makaranta inda malamai suke zuwa kowace rana, kuma yayar matarsa tana zaune kusa da wurin. Manomin ya san idan ya kawo yarinyar, gidansa ya zama kango. Ba mai kai masa ruwa gona, ba mai ce masa sannu da zuwa. Mako guda yana addu'a, yana neman wata hanya, bai samu ba. Sai ya ɗaure mata kayanta a zanen uwarta, ya kai ta. Da zai juyo ta riƙe rigarsa tana kuka. Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya tafi bai waiwaya ba, don kada ta ga fuskarsa.

Daga ranar nan gidan ya yi tsit. Yakan manta ya auna garin mutum biyu, tuwo ya kwana ya yi tsami. Maƙwabta suka yi ta yi masa ba'a, suna cewa, "Ga wanda ya fi gwamnati sani." Suka daina kiransa hira a gindin tsamiya.

Amma kowane wata yakan je garin. Ya fara biyawa ofis ya tuna wa ma'aikacin zancen malami, sa'an nan ya je wurin 'yarsa ya ce ta karanta masa abin da ta koya. Shi kuma ya koya mata abin da ba a rubuta a allo: addu'a, da gaskiya, da sunayen kakanninta.

Bayan shekara uku aka aiko malamai biyu ƙauyen. Aka sake yin kiɗa, aka gode wa gwamnati, ba wanda ya ambaci manomin. Ya so ƙwarai ya dawo da 'yarsa. Amma da ya ga saura shekara ɗaya ta gama, karatunta kuma ya kama, sai ya bar ta. Ya koma gidansa shi kaɗai.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Manomin nan kowane uba ne da kowace uwa a cikinmu. Makarantar mai rufin kwano rabon gwamnati ne: ta gina, ta aiko malamai, ta lura kada ɗan talaka ya rasa karatu. Aiki ne mai kyau. Mu yi wa masu yinsa addu'a, in sun yi sakaci kuma mu je mu tuna musu da ladabi, mu yi ta komawa. Amma Ubangiji bai ba gwamnati 'ya'ya ba. Ku ya ba. Zunubin mutanen ƙauyen nan ba saka yara a makarantar gwamnati ba ne. Zunubinsu shi ne cewa da suka yi, "Mun huta."

Ban ce kowa ya cire ɗansa ba. Wani zai bar nasa a ta gwamnati, wani ya kai nasa makarantar ikkilisiya, wani ba shi da halin zaɓi sai wadda take kusa. Amma ko wanda bai iya karatu ba yana da ƙafar zuwa, da idon gani, da bakin tambaya.

Ku sani kuma, zaɓin kirki yakan bar mutum shi kaɗai. Manomin nan ya yi daidai, duk da haka ba a tafa masa ba, tuwonsa kuma shi kaɗai ya ci. In haka ta same ka saboda ɗanka, kada ka karai. Mutane ba su ƙidaya sawun da ka yi a hanyar nan ba, amma Uban da ya damƙa maka amanar ya ƙidaya su, ba ko ɗaya da ya ɓace masa.