Masu Kira a Bakin Gona

Akwai wani manomi da ya kira gayya domin huɗar gonarsa ta dawa. Yana da ɗa mai suna Dogara, siririn yaro da bai taɓa shiga sahun manya ba. Da safe uban ya miƙa masa garma, ya ce, "In ka kai kunyarka bakin gona yau, 'yar gonar nan ta gindin ɗorawa ta zama taka. In ka kasa, sai ka koma kiwon awaki."

Mai ganga ya buga, kowa ya kama kunyarsa. Kafin rana ta take, manya duk sun fita, sun zauna a inuwa. Dogara kuwa yana tsakiyar gona shi kaɗai, hannunsa ya yi bororo. Sai ya yar da garmar, ya tsuguna.

Wani saurayi ya ce, "Ashe garmar ce ke nomansa!" Aka yi dariya.

Uban ya tashi zai ƙarasa masa, amma wani tsoho maƙwabcinsu ya riƙe rigarsa, ya ce, "Zauna, ɗana. In ka ƙarasa masa yau, haka za ka yi ta ƙarasa masa har ka yi furfura."

Tsohon ya dogara sandarsa har ƙarshen kunyar yaron, ya ɗaga murya: "Dogara! Jikana! Ba zan sha kunu ba sai ka iso. Kada ka bar tsoho da yunwa!"

Gwaggon yaron ta ajiye ƙwarya, ta tsaya kusa da tsohon. "Tashi, ɗan ƙanena! Ubanka ma haka ya yi ta haki a gayyarsa ta fari, ni na zuba masa ruwa a ka!"

Yaron ya ɗaga kai, ya ga mutane a tsaye suna jiransa. Ya ɗauki garmar. Mai ganga ya matso, kowane sara da kiɗansa. Kawun yaron ya zo, mata suka zo, har saurayin nan mai ba'a ya shiga kiran sunansa. Da ya iso, gwaggo ta rangaɗa guɗa.

Uban ya bi kunyar da ido, ya ce, "Hannun nan ne dai, garmar nan ce dai, ƙasar kuma ba ta yi laushi ba. Daga ina ƙarfin nan ya fito?" Ya tuɓe hularsa, ya girmama Allah, ya ba yaron gonar.

Ma'anar wannan misali ita ce: kunyar nan aikin da Allah ya sa gaban kowane yaro ne, ko karatu, ko sana'a, ko riƙon bangaskiya. Ba wanda zai nome masa. Masu kira a bakin gona kuwa mu ne, dangi da maƙwabta da 'yan'uwa cikin ikkilisiya. Ku duba abin al'ajabi: ba wanda ya taɓa garmar, amma Ubangiji ya ɗauki muryoyinsu ya mai da su ƙarfi a hannun yaro.

'Yan'uwa, na zauna a garuruwan da ba a san sunan kowa ba. Na ga ƙarfafan samari sun yar da garma a tsakiyar gona, ba don ƙasar ta fi tauri ba, sai don babu mai jiransu a ƙarshe.

Akwai yaro a unguwarku da ya tsuguna. Kun san sunansa. Ku ajiye ƙwarya, ku je ku kira shi.