Koren Dutse a Gonar Dawa

Akwai wani manomi mai gonar dawa a gindin tsauni. Wata rana ruwan sama ya zaizaye tsakiyar gonar, sai ga waɗansu duwatsu kore shar, suna ƙyalli. Mutumin nan kuwa akwai zumuɗi. Ya ce a ransa, “Zumurrudu ne, dutse mai tsada! Ni da fartanya har abada.” Nan take ya kira gayya, a zo gobe a tumɓuke dawar, a fara haƙa. Alhali saura mako uku a girbe ta, ita ce kuma abincin gidansa na shekara.

Matarsa ta ce, “Maigida, ka kai wa Baba Gyang ya duba tukuna mana.” Baba Gyang kuwa a haƙar ma'adinai ya yi furfura.

Da sassafe manomin ya tafi wurin Baba Gyang da dutse ɗaya. Tsohon bai ko kula da ƙyallin ba. Ya karce dutsen da farce, sai ya yi zane. Ya ɓamɓari gefensa, ya fita falle-falle kamar ɓawon albasa. Ya goga shi a jikin kwalba, kwalbar ko ƙwarzane, dutsen ne ya zama gari.

Ya ce, “Ɗana, zumurrudu ko wuƙa ba ta kama shi, shi ne ma ke zana kwalba. Wannan kore ne kawai. Irinsa sun cika tsaunin nan.”

Sai manomin ya tuna da gayya, ya kwasa da gudu, har takalmi ɗaya ya bari a hanya. Ya tarar da mutane zaune a bakin gona, matarsa ta tsare su da kunu, tana ta ƙara musu ludayi bayan ludayi. Ko kara ɗaya ba a taɓa ba.

Ya rungume dawarsa, yana dariya har da hawaye. Ya ce, “Ku shanye kununku, 'yan'uwa, ku dawo ranar girbi!”

Ma'anar wannan misali ita ce: dawar ita ce bangaskiyar da Allah ya shuka a zuciyarka. Koren dutsen shi ne kowace sabuwar koyarwa mai ƙyalli da daɗin ji. Kada ka tumɓuke abin da yake ciyar da kai saboda launi. Ka kai koyarwar wurin Maganar Allah, ka karce ta, ka goga ta. Gaskiya ba ta tsoron farce. In kuwa ta zama gari a hannunka, ka yi murna, gama dawarka tana nan tsaye.