Randar Gari a Kan Gwafa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, mun kasa kunne.

Majalisar dabbobi ta zauna, za a saya wa gari randar ruwa. Bushiya ta kasa zaune ta kasa tsaye, sai zagaya ƙafafun manya take.

"Ranka ya daɗe, a girke ta a ƙasa!"

Shugaba Raƙumin Dawa ya duba dama da hagu, bai duba ƙasa ba. "Babu mai magana? A ɗora ta kan doguwar gwafa."

Da ƙishirwa ta ishi Bushiya, ta dinga tonon gindin gwafa har randa ta faɗo ta fashe.

Shugaba ya ware ƙafafu zai sha a ƙasa, sai ga su ido da ido.

"Ranka ya daɗe, yau ka gan ni?"

Ƙurunƙus, kan ɓera ya sha wuta!