Idon Nafi'u da Kunyar Ubansa

Akwai wani ɗan kasuwa a Dakoro ana ce mashi Alhaji Sa'adu. Wake da gero yake saye a ƙauyuka lokacin kaka, ya tara, ya kai Maradi. Mutum ne mai ƙoƙari, kuma ba a taɓa jin ya cuci manomi wajen awo ba. Aibinsa ɗaya ne: ba ya son a ce akwai abin da ya gaza a gidansa. In ka yaba mashi, kai nasa ne. In ka nuna mashi gyara, ko da murya ƙasa-ƙasa, ka zama abokin gaba.

Ya daɗe yana hayar motocin mutane. Da Allah ya buɗa mashi sai ya sayi tasa, farar akori-kura, ya ce babu baƙon da zai tuƙa ta. Babban ɗansa Nafi'u ne zai koya.

Nafi'u saurayi ne mai sanyin hali, bai taɓa musu da ubansa ba. An riga an sa mashi rana da wata yarinya Ramla, za a yi biki bayan an gama cinikin kaka. Burin Alhaji shi ne ranar bikin nan mutane su ga ango ya tuƙo motar gidansu da hannunsa.

Masu koyar da mota biyu aka sani a garin a lokacin.

Na farko Mushe Attaher (Mushe, wato malam da Faransanci), mai wata ƙaramar oto-ekol, makarantar koyon tuƙi, kusa da tasha. Yana da ɗakin karatu da allo, da tsohuwar mota mai birki biyu, ɗaya wajen ɗalibi ɗaya wajensa. Samari suna kuka da shi, suna cewa yana da jan rai. Sai ka gaji da karatun dokokin hanya kafin ya bari ka kunna mota.

Na biyu Ɗangoggo, wanda ya taɓa jan manyan motoci. Shi ba ya da ɗaki ba ya da allo. A wani fili bayan gari yake koyarwa, kuma yana alfahari da cewa duk wanda ya biyo ta hannunsa, permi, wato takardar izinin tuƙi, ba ya yi mashi wuya.

Hajiya Dela, uwar Nafi'u, ita ta roƙi a kai shi wajen Mushe Attaher, don ƙanenta a can ya koya kuma har yau bai taɓa kaɗe ko kaza ba. Alhaji ya yarda.

Karatu ya fara lafiya. Nafi'u yana da kai, hannunsa kuma ya faɗa da wuri. Amma da suka fara fita kan gudron, wato hanyar kwalta, sai Mushe ya lura da wani abu. Akuya za ta tsaya a tsakiyar hanya, shi ya hango ta tun daga nesa, Nafi'u kuwa ba zai rage gudu ba sai sun kusa taka ta. Sau da yawa Mushe ne ke taka birkin wajensa.

Wata rana suna tafiya sai ya ce, "Nafi'u, allon can na gefen hanya, mi aka zana a kai?"

Nafi'u ya ƙanƙance ido. Sai da suka zo dab da allon sannan ya ba da amsa.

Mushe ya sa shi ya tsaya a gefe, ya kashe mota.

"Tun yaushe kake haka?"

Nafi'u ya sunkuyar da kai. "Tun ina karatu a lakwal, Mushe. Shi ya sa kullum nike zama gaba. Na kusa ina gani sarai. Na nesa ne sai ya zama kamar hayaƙi, balle in rana ta yi sanyi."

"Alhaji ya sani?"

"Bai sani ba. Don Allah, Mushe, kar ka faɗa mashi."

"Ba abin kunya ba ne, ɗana. Likitan ido a Maradi zai duba ka, wataƙila tabarau kawai zai ba ka, shi ke nan. Amma ba zan iya ci gaba da kai haka ba, kuma ba zan ɓoye ma mahaifinka ba."

Da yamma Mushe Attaher ya tafi shagon Alhaji. Ya tarar da shi cikin abokai, ana shan shayi, har da mahaifin Ramla a wurin. Bayan gaisuwa ya ce, "Alhaji, ina son magana da kai, mu biyu."

Alhaji ya yi dariya. "Faɗi nan, Mushe. Waɗanga duk 'yan uwa ne. Ko ka zo ka ce yaron ya fi ka iyawa?"

Mushe ya sake roƙo, Alhaji ya sake ƙi. Sai ya rage murya ya faɗi abin da ya gani, ya ce a kai yaron wajen likita kafin ya ƙara taɓa mota.

Mahaifin Ramla ya aje kofin shayinsa. Wani ya yi gyaran murya.

Fuskar Alhaji ta canza. Ya miƙe tsaye.

"Ɗana kake ce ma makaho? A gaban surukinsa?"

"Ban ce makaho ba, Alhaji. Na ce a duba shi."

"Na san irinku! Ka riƙe yaro kana ja mashi rai, da ka ga za a gane ka sai ka ɗora mashi ciwo. Tashi ka ba ni wuri. Daga yau ko gaisuwa kar ta haɗa mu."

Mushe ya sa takalminsa. Kafin ya tafi ya ce, "Ka zage ni, na yafe. Amma ko wajen wa za ka kai shi, ka fara kai shi likita."

Da Alhaji ya koma gida, ya kira Nafi'u tsakar gida, uwarsa tana tsaye bakin ɗaki.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Kana gani ko ba ka gani?"

Nafi'u ya dubi fuskar ubansa. Ya tuna Ramla, ya tuna bakin mutanen gari. Ya ce, "Ina gani, Baba."

Hajiya Dela ta ce, "Alhaji, mi zai rage mu da shi in an je an duba? Maradi ce fa, kullum kana zuwa."

"Don a ce maganar Attaher ta tabbata? A ga ango da tabarau kamar tsoho? Dela, kar in sake jin zancen nan."

Washegari aka kai Nafi'u wajen Ɗangoggo. Shi kuwa da ya ji labari sai ya tafa hannu.

"Haba Alhaji! Wanga yaro idonsa ya fi nawa. Attaher tsoro ya yi mashi yawa. Bar mani shi."

A filin bayan gari babu allo, babu akuya, babu amalanke. Da hantsi ake fita, rana tana haske tar. Nafi'u yana zagaya fili, Ɗangoggo yana zaune gindin itace yana hira a waya, jefi-jefi ya ɗaga hannu ya ce, "Da kyau!" Ba a daɗe ba permi ya fito. Babu wanda ya tambayi ta inda ya bi.

Nafi'u ya fara jan motar gida. Ya koyi dabarunsa shi kaɗai. Yana tafiya sannu, yana bin bayan wata mota in ya samu, kuma yana ƙoƙarin ya dawo gida kafin rana ta faɗi. Sau ɗaya ya haɗu da Mushe Attaher wajen shan mai. Mushe ya matso bakin tagar motar ya ce, "Ranar da ka shirya, ni da kaina zan raka ka Maradi, babu wanda zai ji."

Nafi'u ya ce, "Bayan biki, Mushe, in Allah ya yarda."

Ana cikin cinikin kaka, wata ranar kasuwa suka tafi Sabon Maci shi da Alhaji. Ciniki ya ja, lodi ya ja. Kafin su ɗaure buhunan wake, la'asar ta yi sakaliya. Nafi'u ya dubi sama ya ce, "Baba, ko mu kwana nan, mu tashi da safe?"

"Mu kwana a hanya da motarmu a hannu? Shiga mu tafi."

Suka kama hanya. Nafi'u yana tafiya a hankali, wasu motoci suna wuce su. Alhaji ya gaji.

"Wai jaki kake kora? Taka mota, ina son in yi magariba a gida."

Nafi'u ya ƙara wuta.

Sun kusa Dakoro, rana ta yi ja ta kusa ɓacewa, sai Alhaji ya hango amalanken jaki a gabansu, a gefen gudron, cike da jarkokin ruwa, wata mace a kai da baƙin lulluɓi. Ya gan ta sarai tun daga nesa. Bai ce komai ba, don a zatonsa wanda ke tuƙi ma ya gani. Ya jira ya ji an rage gudu. Ba a rage ba. Ya juya ya dubi ɗansa, sai ya ga ya miƙa wuya gaba, ya ƙanƙance ido, yana neman hanya kamar mai leƙa rijiya.

A lokacin ne Alhaji Sa'adu ya gane.

"Nafi'u! Amalanke!"

Nafi'u ya taka birki da dukan ƙarfinsa, amma mota tana da nauyin wake a bayanta. Ƙarar da ta biyo baya, mutanen da ke gonaki nesa sun ji ta.

Su biyun ba su ji ciwon kirki ba. Jakin ya mutu nan take. Matar kuma sun same ta a cikin ciyawa, ruwan jarkokin yana malala kusa da ita. Sunanta Mariama, matar wani makiyayi ce mai suna Agali, daga wajen Roumbou. Sun sauka da dabbobinsu cin karan gona kusa da wurin, ta je ɗebo ruwa ne tana komawa wajen 'ya'yanta. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Nafi'u ya durƙusa a bakin hanya yana maimaita magana ɗaya: "Na zaci inuwa ce. Wallahi na zaci inuwa ce."

Jandarma suka tafi da shi. Cikin bincike aka kai shi wajen likita, aka gwada idonsa. Likita ya ce ciwon ba wani babba ba ne, tabarau yana gyara shi, amma a yadda yake bai kamata ya taɓa tuƙa mota ba. Da aka nemi Ɗangoggo, sai ya ce shi hannu da ƙafa ya koyar, ba shi ya halicci ido ba. Daga baya ma aka daina ganinsa a garin.

Shari'a ta kai Nafi'u gidan kaso. Iyayen Ramla suka aiko cewa a bar maganar biki tukuna, kuma kowa ya san abin da hakan yake nufi. Hajiya Dela ta daina fita ko ƙofar gida. Mushe Attaher yana zuwa duba Nafi'u a kaso, ya zauna da shi, bai taɓa ce mashi "ai na faɗa" ba. Mutane sun ce shi ma ya rame, yana cewa da ya sani da ya bi Alhaji gida ya sake roƙonsa.

Amma abin da mutanen Dakoro suka fi tunawa shi ne ranar da aka je ta'aziyya.

Alhaji ya tafi zangon makiyayan da dattawan unguwarsu. Labari ya riga ya bazu, don haka jama'a sun cika wurin: dangin mamaciyar daga Roumbou, manoman da ke kusa, 'yan kasuwa, har da abokan shan shayinsa. Agali yana zaune kan tabarma, rawani ya rufe rabin fuskarsa, ƙaramar ɗiyarsa ta yi barci a cinyarsa.

Aka yi addu'a aka shafa. Alhaji ya matso ya durƙusa, abin da ba a taɓa ganin ya yi a gaban kowa ba. Ya buɗe baki zai yi magana, Agali ya riga shi.

"Alhaji, na ji wata magana, ina son in ji ta daga bakinka. An ce malamin mota ya gaya maka yaronka ba ya gani. Gaskiya ne?"

Alhaji ya ce, "Gaskiya ne."

"An ce maganin yana Maradi, inda kake zuwa kullum."

"Haka ne."

"To mi ya hana ka?"

Da ƙyar muryar Alhaji ta fito.

"Kunyar mutane."

Agali ya ɗaga kai ya dubi taron, daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ya dawo da idonsa kan Alhaji. Bai ɗaga murya ba.

"To ga mutanen nan, Alhaji. Duk sun zo."

Agali ya gyara ma ɗiyarsa kwanciya, ya ce ya yafe ma yaron, shi kuma uban ya bar shi da Allah.

Alhaji Sa'adu ya yi ƙoƙarin tashi daga durƙuson. Sai da mutum biyu suka kama shi.

Darasi: In za ka kai ɗanka ko ƙanenka koyon mota, nemi malamin da zai iya duban idonka ya ce "bai shirya ba," ka kuma saurare shi ko da maganar ta yi maka ɗaci. Mai yi maka alkawarin permi cikin gaggawa ba zai tsaya tare da kai ranar da aka ɗauki gawa ba. A duba lafiyar ido kafin a hau hanya, kuma iyaye mu bar ma 'ya'yanmu ƙofar da za su faɗa mana gaskiya ba tare da tsoro ba. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana shirin koyon mota ko yana da mai koyo a gida. Wataƙila wata uwa ta koma wajen 'ya'yanta lafiya saboda ku.