Gashin Jelar Alfadari

A wani gari a kudancin ƙasar Amurka, a zamanin da ake hana baƙar fata jefa ƙuri'a, wani tsohon manomi mai suna Elbert Gaines ya je a rubuta sunansa cikin masu zaɓe. Magatakardan, wani Bature da ake kira Purvis, ya dube shi a wulaƙance.

Ya ce, "Sai ka ci jarrabawa tukuna. Alfadarin nan da ka ɗaure a waje, gashi nawa ne a jelarsa?"

Elbert ya ce, "Dubu tara da ɗari huɗu da shida, ranka ya daɗe."

"Ƙarya ne! Ka faɗi jarrabawar."

"To, ashe ka san adadin. Nawa ne?"

Mutanen da ke layi suka zuba wa Purvis ido.

Elbert ya ce, "Babban ma'aikaci kamarka ai ba zai kayar da mutum a kan abin da bai sani ba. Taso mu je ka ƙirga a gaban jama'a. Sai dai ka tsaya daf da bayansa, kuma yana harbi. Bara ya karya wa maƙeri haƙarƙari uku."

Purvis ya leƙa ta taga, ya ga dabbar tana tona ƙasa da kofato. Ya jawo littafi yana huci, ya rubuta sunan.

Elbert ya sa hularsa ya ce, "Shekara ashirin ina kawo muku hujja kuna kora ta. Ashe alfadari kuke jin maganarsa."